Gidan wa? Sharhi kan yadda ake ba da tarihin Gidan Ɗan Hausa na Kano

1.0 Gabatarwa

Gidan Ɗan Hausa yana unguwar Nasarawa, a wajen badalar birnin Kano. Yana cikin tsofaffin gidajen zama ƴan kaɗan na ƙasar Hausa da hukuma ta keɓe don tarihi, kuma yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Sunansa ya fito ne daga laƙabin Hanns Vischer (1876-1945), Baturen da ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewacin Najeriya a wannan unguwa cikin shekara ta 1909.

Wannan takarda sharhi ce kan labarin gidan kamar yadda aka saba bayar da shi, a baki da kuma a rubuce. Abin da muke son nunawa shi ne, labarin ya ɗauki sunan gidan tamkar takardar mallaka, ya fara tarihi daga ranar da baƙo ya shiga, ya bar waɗanda suka riga shi da waɗanda suka ɗora tubalin. Za mu nuna cewa wani ɓangare na wannan kuskure daga nahawu ya taso, wato daga yadda ake fahimtar mahaɗin -n na kalmar "gidan". Daga ƙarshe za mu dawo gida Nijar, musamman Maine-Sorowa da kwarin Komadugu, inda ɗalibanmu ke zuwa tattara tarihin gidaje, inda kuma irin wannan kuskure zai iya jawo abin da ya fi gardamar masana nauyi.

2.0 Labarin da aka saba bayarwa

An haifi Vischer a birnin Basel na ƙasar Suwis. Ya fara zuwa ƙasar Hausa a matsayin ɗan mishan, daga baya ya zama ɗan ƙasar Ingila a 1903, ya shiga aikin mulki, aka tura shi Borno. A 1906 ya taso daga Tarabulus da ayari, ya bi tsohuwar hanyar Murzuƙ da Kawar da Bilma, ya sauko bakin tabkin Cadi, ya ƙetare Komadugu ya koma bakin aikinsa. Labarin wannan tafiya ya fito a littafinsa na 1910. Bayan haka aka ɗora masa aikin ilimi. Ya ziyarci makarantun Masar da Sudan da Gwalkwas, sannan ya kafa ta Nasarawa a zamanin Sarkin Kano Abbas (1903-1919). A 1912 ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa da boko. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da Kano. Daga 1926 yana cikin jagororin cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka da aka kafa a Landan.

Duk wannan tabbatacce ne, kuma rubuce-rubucen da suka kawo shi sun yi aikinsu. Littafin Sonia Graham (1966) kan ilimin gwamnati da na mishan daga 1900 zuwa 1919 har yau shi ne madogara ga mai son sanin makarantar Nasarawa. Amma littafin makaranta ne; gidan a cikinsa wurin kwanan shugaban makaranta ne kurum. Masu nazarin gini kuwa, irin su Moughtin (1985) da Dmochowski (1990), sun auna gine-ginen Hausa, sun zana su, sun bayyana yadda ake ɗaurin guga, to amma hankalinsu na kan siffa da fasaha, ba kan wanda ya riƙe gida daga hannun wane ba. Tsakanin waɗannan rukunoni biyu sai aka sami giɓi, kuma littattafan jagorar baƙi ne suka cike shi.

A nan ne saɓani ya bayyana. Wasu daga cikin waɗannan littattafai suna cewa an gina gidan a 1905. Wasu kuma, tare da bayanin da ake yi wa mai ziyara, suna cewa ya haura shekara 200, kuma asalinsa mazaunin wakilin sarki ne mai kula da gandun Nasarawa. Har akwai masu kiran Vischer jami'in mulki na farko a Kano, alhali Razdan na farko shi ne Dokta Cargill, Vischer kuwa ma'aikacin ilimi ne. Abin lura shi ne, ko wace shekara aka ɗauka daga cikin biyun, gidan ya riga Vischer: a 1905 yana Borno, bai ma yi tafiyar Sahara ba tukuna. Ke nan labarin da kansa ya yarda akwai wani kafin shi. Sai dai jimla ɗaya ake ba wannan wani, ba suna, ba zuriya, sauran shafi kuma na Ɗan Hausa ne.

3.0 Mahaɗin -n da abin da yake ɗauka

Mahaɗin -n/-r na Hausa yana haɗa suna da suna ne kawai, ba ya faɗin irin dangantakar da ke tsakaninsu. Mai sauraro ne ke cike ta daga abin da ya sani. A duba waɗannan misalai:

(1) a. gidan Audu (mai shi)
b. gidan Makama (sarautar da ke riƙe da shi)
c. gidan Rumfa (wanda ya kafa shi)
d. gidan baƙi (amfaninsa)
e. gidan ƙasa (abin da aka gina shi da shi)
f. gidan gado, gidan haya (hanyar da aka same shi)
g. gidan Barth (wanda ya taɓa sauka a ciki)

Siffa ɗaya ce, dangantaka bakwai. Gidan Rumfa yana ɗauke da sunan Muhammadu Rumfa (1463-1499), ko da yake gidajen sarauta daban-daban sun zauna a cikinsa bayansa, har zuwa zuriyar Ibrahim Dabo. Ba Bakanon da zai ji (1c) ya ce fadar gadon jikokin Rumfa ce. Sanin gari ne ke hana shi ruɗewa. Matsalar tana tasowa ne idan sunan ya fita daga bakin mutanen gari ya hau allo ko takarda, inda mai karatu ba shi da wannan sani. Harafin de na Faransanci ma haka yake, don haka fassara ba ta warware komi: la maison de Barth tana da duhun da (1g) ke da shi.

3.1 Gwaji biyu

Hausa ba ta rasa hanyar bambancewa ba. Hanya ta farko ita ce doguwar mallaka a matsayin bayanin jimla:

(2) a. Wannan gidan Audu ne.
b. Gidan nan na Audu ne.

Jimla ta (2a) tana iya zama kwatance kurum, amsar mai neman hanya. Ta (2b) da'awa ce, irin wadda ake yi gaban alƙali ko mai unguwa. A Agadas kowa zai nuna maka gidan Barth, inda Heinrich Barth ya sauka cikin watan Oktoba na 1850. Amma ba mai cewa gidan na Barth ne, domin shi kansa ya rubuta cewa a gidan Annur, shugaban Kel Owey, aka sauke shi, kuma kwanakinsa a garin ba su kai wata guda ba.

Hanya ta biyu ita ce "su":

(3) a. gidan Audu
b. gidan su Audu

A (3a) Audu ne maigida. A (3b) yana zaune ne a ciki, ƙarƙashin uba ko wa ko kawu. Yaro ɗan shekara biyar ya san wannan bambanci, amma mai tattara bayanai yakan zubar da "su" wajen juya hira zuwa Faransanci, domin ba shi da gurbinta a can. In aka yi wa Gidan Ɗan Hausa gwaji na farko, aka ce "gidan nan na Ɗan Hausa ne", za a ga jimlar ba ta tsaya ba, kamar yadda za mu nuna a 4.0. Gurbinsa a (1g) yake, kusa da gidan Barth, ko kuma tsakanin (1b) da (1g), tunda aiki ne ya zaunar da shi.

3.2 Laƙabin kansa

Ana fassara "Ɗan Hausa" da cewa mutanen Kano sun karɓi Vischer a matsayin ɗansu saboda iya harshe. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Sunan asali shi ne Bahaushe, kuma ba a ba shi wannan ba. Laƙabi yana aiki ne in ya ware mutum daga ire-irensa. A cikin Kanawa "ɗan Hausa" ba ya ware kowa, a cikin Turawa ne yake warewa. Wato laƙabin yabo ne, amma yabon baƙo. Waɗanda suka raɗa shi sun san matsayin mutumin, masu karanta shi a yau ne suke mantawa.

Akwai kuma batun rubutu. A takardun Ingilishi "Gidan Dan Hausa" ake rubutawa, ba lanƙwasa. Haruffa masu lanƙwasa sun shigo rubutun Hausa cikin shekarun 1930, bayan ƙa'idojin Vischer. Ga mai karin harshen yamma, wanda ke cewa "dan Allah" inda Bakano ke cewa "don Allah", sunan ba lanƙwasa yana iya karantuwa da wata ma'ana dabam, wato gidan da aka yi saboda Hausa. Abin takaici ne a ce gidan mai ƙa'idar rubutu ne ake rubuta sunansa ba bisa ƙa'ida ba.

4.0 Masu riƙe da gidan, bi-da-bi

In muka ajiye sunan gefe, muka tambayi wa ya riƙe gidan, da wane iko, za mu sami matakai uku.

Mataki na farko shi ne na gandu. A ƙarni na 19 fadar Kano tana da gandaye kewaye da birni, irin su Fanisau da Gogel da Ɗorayi da Nasarawa. Bayi ne ke noma su, hatsinsu ke ciyar da fada, kuma manyan bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, suna da hannu wajen tafiyar da dukiyar fada. Mai kula da gandu ba ya mallakar gandu. Gidan da yake ciki na aiki ne, in an tuɓe shi ya fita, wani ya shiga. Saboda haka kiran mutumin farko "mai gidan na asali", kamar yadda ake yi don nuna adalci, shi ma kuskure ne irin na farko. Maigida ne ta fuskar iyali, amma ba mamallaki ba ne.

Mataki na biyu ya fara da faɗuwar Kano a hannun Turawan Ingila ranar 3 ga Fabrairu 1903. Sababbin masu mulki sun kafa mazauninsu a wajen birni, wajejen Nasarawa da Bompai. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukkan filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, da sunan yana riƙe da su amana don ƴan ƙasa. Vischer ma'aikacin wannan gwamnati ne, an ba shi masauki kusa da makarantarsa, an gyara masa shi, ya zauna abin da bai kai shekara goma ba. Bai saya ba, bai gada ba, da ya tashi kuma bai bar wa ƴaƴansa ba.

Mataki na uku shi ne na bayan 1960: gwamnatin Jihar Arewa, sannan Jihar Kano da aka ƙirƙiro a 1967, sannan dokar filaye ta 1978 da ta danƙa ƙasa hannun gwamnonin jihohi.

Abin da ya fito fili shi ne, tun daga farko har yau gidan bai taɓa zama na mutum ɗaya ba. Na hukuma ne, hukumar ce ke sauya hannu. Tarihinsa na gaskiya shi ne yadda dukiyar sarauta ta koma dukiyar gwamnati ba ciniki ba shaida. Hausa ta riga ta ba wannan zamani sunan da ya dace, "mulkin mallaka", kuma amsar tambayar da ke kan wannan takarda tana cikin kalma ta biyu. Labarin da aka saba bayarwa ya rufe wannan da hoton malami mai son Hausa.

Ba rashin kayan aiki ne ya hana a rubuta babin farko ba. Lovejoy da Hogendorn (1993) sun bi diddigin yadda bauta ta mutu sannu-sannu a Arewa, daga dokar 1901 da ta ƴanta duk wanda aka haifa bayan 1 ga Afrilu na shekarar, har zuwa haramcin ƙarshe a 1936. Stilwell (2004) ya yi nazarin bayin sarki na Kano, Nast (2005) kuma ta yi na cikin Gidan Rumfa da alaƙarsa da gandaye. Ma'ana, lokacin da ƴaƴan sarakuna ke koyon a, ba, ca a Nasarawa, mutanen gandu na nan kewaye da su, wasunsu ba su fita daga ƙangi ba tukuna. Mai ba da tarihin gidan bai kamata ya tsallake wannan ba.

5.0 Wa ya gina, kuma shekararsa nawa?

Aikatau "gina" ma yana da irin duhun mahaɗi:

(4) a. Sarki ya gina masallaci.
b. Sarki ya sa an gina masallaci.

A maganar yau da kullum (4a) tana tsayawa a madadin (4b), kuma ba wanda ke zaton sarki ya kwaɓa ƙasa. Faransanci yana bambanta a construit da a fait construire, amma masu fassara sukan ɗauki na farko saboda ya fi gajarta. Ta haka "Vischer ya gina" ta shiga littattafai, har wasu ke yaba masa da haɗa fasahar Turai da ta Hausa. Mai gida yana iya cewa ga faɗin ɗakin da yake so, ga inda taga za ta kasance. Amma azara, wadda ake tsagawa daga giginya, ba ta ɗaukar rufi in tazara ta wuce kusan mita 2. Duk ɗakin da ya fi haka faɗi sai an yi masa baka ko ɗaurin guga, kuma wannan ilimi a hannun magina yake, ana gadonsa, da sarautarsa ta Sarkin Magina. A Zariya an riƙe sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834-1846), kuma binciken Hamman Tukur Saad (1981) ya nuna irin abin da ake samu in an zauna da magina an saurare su. A labarin Gidan Ɗan Hausa kuwa ana yabon zankwaye da ado, ba a ambaton hannun da ya yi su.

Wannan ya kai mu ga gardamar shekaru. A ganinmu 1905 da "fiye da shekara 200" ba lalle su ƙaryata juna ba, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba. Gidan ƙasa ba a gama shi. Kowace damina tana cin rabonta, kowane rani ana yaɓe, ana sake makuba, ana gyara indararo. Ɗaki ya faɗi a tayar da wani da ƙasarsa, a mayar da tsohuwar azara. Abin da ke tsufa a gidan Hausa shi ne fili da tsarin zaure da suna. Ƙasar bango tana iya zama ta bara. Wanda ya ce 200 yana maganar mazauni, wanda ya ce 1905 ko 1909 yana maganar wani babban gyara. Tambayar "yaushe aka gina?" ta dace da ginin dutse, an aro ta ne daga can. Wadda ta dace da namu ita ce, wa ya riƙa yaɓe, daga yaushe zuwa yaushe? Mai yaɓe shi ne mai riƙo, kuma jerin masu yaɓe shi ne jerin masu gida.

6.0 Gida da ɗaki

Kalmar "gida" tana nufin gini, tana nufin mutanen da ke ciki, tana kuma nufin zuriya, kamar a "gidan Dabo". Tarihin da ya tsaya kan ma'ana ta farko ya bar biyu. Haka kuma harshe ya raba wuri tsakanin jinsi: namiji ke da gida, mace ke da ɗaki. Mace takan ce "ɗakina" a gidan miji, "gidanmu" a gidan uba. Don haka duk tarihin da ya bi sunan gida kawai, maza zai tarar, ko da kuwa shari'a ta ba mata rabonsu na gado a cikin ginin.

Matar Vischer, Isabelle, ta zauna tare da shi a Nasarawa, ta kuma wallafa Croquis et souvenirs de la Nigérie du Nord a 1917. Shaida ce daga cikin gida, da Faransanci, wato harshen da sashenmu ke aiki da shi, don haka nauyin karanta shi ya fi hawa kanmu. Amma a karanta shi da lura. Littattafan matan jami'ai na wancan zamani, irin na Constance Larymore (1908), sukan ambaci kuku da boyi da mai gadi da suna guda ko da aikinsu kawai. Aikin mai bincike shi ne ya tsinto waɗannan sunaye, ya kai su unguwa, ya ji ko akwai jikoki. A kwatanta da Baba ta Karo (1954), inda mace Bahaushiya ta ba da labarin gidaje daga cikin ɗaki: a wurinta gida jerin aure ne da haihuwa da riƙo da rabuwa, bango kuwa sai in ya zama dole take ambatonsa.

7.0 Daga Kano zuwa Komadugu

Me ya haɗa wannan da Maine-Sorowa? Da farko, wannan yanki hanyar waɗannan baƙi ce. Barth ya bar Kukawa a ƙarshen Nuwamba 1852, ya bi Komadugu ta ƙasar Manga da Muniyo, ya isa Damagaram ranar 25 ga Disamba. Vischer ya sauko ta gabashin yankin a 1906. Kowannensu ya kwana a gidan wani. Tsarin saukar baƙi a nan tsoho ne, har Hausa ta ari kalmarsa daga Barbarci: fato gida ne, fatoma kuwa mai gida, mai saukar fatake, kuma tana cikin dangin kalmomin aro irin su "kasuwa" da sarautun Galadima da Ciroma, waɗanda suka nuna tasirin Borno da Greenberg (1960) ya yi magana a kai. A wannan tsari, kamar yadda Cohen (1969) ya bayyana shi a Sabon Ibadan, sunan maigida ke kan gida, baƙo komi dukiyarsa ana cewa "baƙon wane" ne. Baƙon Turai ne kaɗai ya juya wannan ƙa'ida, a Agadas da Kano, da Tumbutu inda aka manna alluna a gidajen da Laing da Caillié da Barth suka sauka. Dalili ɗaya ne: shi ya rubuta littafi, fatomansa bai rubuta ba.

Na biyu, sunan garin kansa ya cancanci kunnen mai nazarin harshe. Ɗafin -a ko -wa na Barbarci yana ba da ma'anar "mai", kamar a Kukawa, gari mai kuka. Ta wannan hanya ana iya karanta Sorowa da ma'anar "mai soro", wato garin da aka shaida da ginin ƙasa a yankin da bukka da zana suka fi yawa. Garin da aka yi wa irin wannan shaida bai kamata tarihin sorayensa ya tsaya a sunayen kwamandojin da suka kwana ciki ba.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, ɗalibin da ya je Maine ko Difa yana aiki ne tsakanin harsuna uku ko huɗu. Tsoho ya yi tunani da Barbarcin Manga ko Fulatanci, ya amsa da Hausar kasuwa, ɗalibi ya rubuta da Faransanci. A Barbarci ɗafin -be, kamar a fato maibe, gidan sarki, shi ma ba ya faɗin irin dangantaka. Sai a yi tambaya "gidan wa ne?", a ba da sunan da aka san gidan da shi, ɗalibi ya rubuta shi a ƙarƙashin propriétaire. A lokacin zaman lafiya wannan kuskuren kundi ne. Amma tun harin Boso da Difa na Fabrairu 2015 garuruwa da dama na bakin Komadugu sun watse, wasu sun sauka gidajen dangi shekara da shekaru, ambaliyar 2019 kuma ta rusa gidajen ƙasa masu yawa. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta yarda ana mallakar ƙasa ta hanyar al'ada kamar yadda ake mallakarta da takarda, ma'ana shaidar baki tana da ƙarfi. Inda bango ya faɗi, tsofaffi suka rasu, kundin ɗalibi na iya zama rubutu ɗaya tilo da za a ɗauko ranar gardama. In ya zubar da "su" ɗaya, ya mayar da mazauni mamallaki, ya kori marayu.

Saboda haka muna ba da shawarar a bar tambaya guda, a yi waɗannan:

(5) a. Wa ya sari filin, wa ya ba shi izini?
b. Wa ya sa aka gina, wane magini ya gina?
c. Su wa suka zauna, da wane matsayi: gado, aro, haya, aiki ko baƙunta?
d. An raba gadon ko ba a raba ba, ina rabon mata?
e. Wa ke yaɓe, wa ke biya?
f. Da wane suna ake kiran gidan a kowane harshe, tun yaushe?

A rubuta amsa da harshen da aka bayar da ita, da mahaɗinta da "su" ɗinta, fassara ta biyo a ƙasa.

8.0 Kammalawa

Ba mu ce a sauya sunan Gidan Ɗan Hausa ba. Mutanen Kano ne suka raɗa shi, kuma shi kansa sunan shaidar wani zamani ne. Haka kuma ba mu rage wa Vischer komi ba. Haruffan da muke rubuta wannan takarda da su suna da alaƙa da aikinsa. Abin da muka soka shi ne karanta sunan a matsayin amsa, alhali kwatance ne. Labarin gidan zai cika ne in ya fara da gandun Nasarawa da mutanensa, ya faɗi ta wace doka gidan ya sauya hannu, ya nemo magina da ma'aikatan cikin gida, sannan ya ba Ɗan Hausa shekarunsa ƴan kaɗan a tsakiya. Wannan aiki ne da masu tarihi na Kano da masu nazarin harshe na Yamai za su iya yi tare, tunda rabin shaidar da Hausa take, wani ɓangare da Ingilishi, wani da Faransanci. Kafin nan, dokar 1997 ta kare kayan tarihi a Nijar ta buɗe ƙofar rajistar tsofaffin gidaje, kuma ya kamata takardar rajistar ta ware gurbin suna dabam, gurbin masu riƙo dabam.